Shayin da Na Zubar a Kwata

Duk wata akwai kwana bakwai ko takwas da nake zama wata mace daban. Kafin al'adata ta zo ne. Ƙirjina ya yi nauyi, cikina ya kumbura, kaina ya riƙa sarawa ta gefe ɗaya. Waɗannan duk da sauƙi. Abin da ya fi damuna kuka ne, kukan da ba shi da dalili. Na taɓa yin kuka saboda ashana ta ƙi kamawa. Ranar da jinin ya zo kuma sai komai ya ɗauke, in zauna ina jin kunyar matar jiya.

A Kano ba a cika lura ba. Mu tara ne a gidanmu, kullum akwai mai fushi. A Agege kuwa ni kaɗai ce da bango huɗu. Mahbub ya kawo ni wata biyu bayan bikinmu, ya kama mana ɗaki a wani gidan haya kusa da layin dogo, ɗaki shida na kallon shida, lungu a tsakiya, kicin da banɗaki da famfo a baya. Fataucin shanu yake yi. Sai ya yi sati biyu a kasuwannin arewa, ya biyo mota ya sauke a mayanka, ya yi kwana huɗu ko biyar a gida, ya sake juyawa. Ba na jin Yarabanci, Turancin titi kuma yana fita daga bakina kamar ina karanta jarida, har mai burodi ya taɓa tambayata ko ni malamar makaranta ce. Sai na rage fita.

Digirina a fannin bayokemistiri yana ƙasan akwati. Abin da ya rage min daga jami'a shi ne ɗabi'ar rubuta abu kafin in yarda da shi. Na karanta a waya cewa likitoci na so mace ta riƙa rubuta abin da take ji kullum, har wata biyu a jere, kafin a ce ga ciwonta. Na sayi littafi mai shafi arba'in, na ja layi. Kumburi, ciwon kai, fushi, kuka. Kowanne ina ba shi maki daga sifiri zuwa uku bayan sallar isha'i. Na kuma bi abin da masu bincike suka rubuta a kan magungunan da ba na asibiti ba. Kalsiyam yana da ɗan shaida mai kyau. Bitamin B6 ma akwai, amma gwaje-gwajen ba su da ƙarfi. Wani man fure da ake ta talla, da aka gwada shi ba a ga abin kirki ba. Citta kuwa 'yan ƙananan gwaje-gwaje ne. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, a kusan kowane gwaji, matan da aka ba ƙwayar da ba komai a cikinta su ma da yawa sun ce sun ji sauƙi.

Wata na uku da zuwana, wata Laraba da hantsi, ina tsugune a famfo ina kuka a kan bokiti, sai na ji murya a bayana.

"Amarya, ruwan famfon bai ishe ki ba sai kin ƙara da na ido?"

Maman Shamsu ce, mai ɗakin farko daga ƙofar gida. Sunanta Fatu, 'yar Maraɗi, shekararta ashirin da biyu a Legas, mijinta ya rasu, Shamsun da ake kiranta da sunansa yana tuƙin keke a Abule Egba da iyalinsa. Tana da tebur a ƙofar gida inda take sayar da kayan ƙamshi da saiwoyi da sassaƙe. Kullum nakan gaishe ta in wuce da sauri.

Na ce ba komai.

Ta ce, "Ba komai ɗin ne ya kumbura miki huska? Kwana nawa ya rage ki yi fashin sallah?"

Na ɗago na dube ta. Ban taɓa gaya wa kowa a gidan ba.

Ta yi dariya. "Famfo guda muke alwala, ɗiyata. Wancan watan ma haka kika yi, kika zagi kazar mai gida da Turanci. In an yi la'asar ki zo."

Na je. Ta ajiye min kujera 'yar tsugune a bayan teburinta, ta miƙo min kofin silba. Shayi ne mai duhu, da yajin citta da kanumfari, da wani ɗaci a ƙarshe. A gindin kofin akwai 'ya'yan hulba rawaya da suka kumbura. Ta ce in tauna su, kada in bar ko ɗaya. Na tambaye ta me da me ke ciki. Ta ce, "Lahiya ke ciki. Sha."

Daga ranar, duk wata in kwanakin suka matso, ita ke fara sani. Sai ta leƙo ta ce, "Amarya, na ɗora tukunya." In zauna daga la'asar zuwa kusan magariba. Ba na magana sosai, ita ma ba ta nemi in yi ba. Tana ciniki da Yarabawa da yarensu, ta juyo ta fassara min zagin da ta yi musu. Ta nuna min masu wucewa: wancan mahauci ne, mata uku ya saka a shekara biyu, waccan mai atamfa kore kowace Juma'a sai ta sayi turaren wuta, alhali mijinta ba ya jin ƙamshi tun da ya yi mura. In jirgin ƙasa ya taho sai mu yi shiru har ya wuce, ta ci gaba daga kalmar da ta tsaya. Wani lokaci Monica, 'yar Kafanchan da ke ɗaki na huɗu, in ta taso daga shagon ɗinki sai ta tsaya ta sha rabin kofi, ta ce, "Mama, wannan abu naki ɗaci kamar landilod," mu yi dariya.

Wata biyu na sha. Makin littafina ya sauka. Kukan da ke kai uku ya koma ɗaya, ciwon kai ya ragu, kumburin dai yana nan. Mahbub ma da ya dawo ya ce, "Wannan karon ba a kore ni daga ɗakina ba, me aka samu?"

Da na tsaya a nan, da shi ke nan. Amma na riƙa kallon shafukan ina tuna matan nan da suka ji sauƙi da ƙwayar banza. Abu biyu ne suka canza a rayuwata lokaci guda, shayin da kuma zaman. Wanne ne ya yi aikin? Na lura kuma da matan da ke sayen ƙullin shayin a teburin. Kusan duk ranar da abin ya fi tsanani suke zuwa, bayan kwana biyu jini ya zo, su dawo suna sa albarka. Ko ruwan famfo suka sha ai da sun warke a ranar. Ban faɗa wa kowa ba. Na dai ji ina so in sani, irin son da ke hana mutum sakewa.

Hanyar a fili take. In ci gaba da zama, in daina sha, in ga abin da makin zai yi. Na san gwajin bai cika ba, tunda ni na san ban sha ba, kuma mace ɗaya ba ta isa shaida ba. Amma shi ne abin da nake da shi. Abin da ban iya ba shi ne in dubi idon Maman Shamsu in ce mata ina so in gwada maganinta. Sau biyu na shirya maganar a ɗaki, in na fito sai ta maƙale.

Saboda haka da wata ya zagayo, na zo da fulas. Na ce mata zafin shayin na tayar min da zuciya, gara in tafi da shi ɗaki in sha in ya huce.

Ta ce, "Ke dai 'yan lakkol, 'yan bokon nan, da iyayi," ta cika min fulas ɗin har baki.

Na zauna kamar kullum. Da aka kira magariba na zagaya bayan banɗaki, inda kwatar gidan ke fita, na tuntsurar da shi. Na ɗauraye fulas ɗin. Na gaya wa kaina kwana bakwai ne kawai, daga nan in koma sha, babu wanda ya cutu.

Kwana shida na yi haka. A rana ta huɗu, ina zaune kusa da ita, ta matso ta gyara min ɗankwali, ta ɗan daɗe hannunta na kafaɗata. Ta koma kan cinikinta. Sai daga baya na gane abin da ta yi. Na karanta takardu da yawa a kan hulba, amma ban kawo a raina cewa warinta na fita a gumin mai shanta ba. Ni hancina ya saba. Ita kuwa shekara ashirin tana gane masu shan maganinta tun daga nesa.

Rana ta bakwai ba ta leƙo ba. Na fito da fulas na tarar babu kujerata a bayan teburin. Na gaishe ta, ta amsa tana kallon titi. Na tsaya kaɗan, na koma ɗaki.

Monica ce ta ƙwanƙwasa min washegari da safe, kafin ta tafi shago. Ta shigo ta rufe ƙofa, ba ta zauna ba.

"Badiyya, me Mama ta yi miki?"

Na ce ba ta yi min komai ba.

"To me ya sa kina zubar da abu nata a gota? Kajin mai gida suna ta cin hulba a can baya, kowa ya gani. Mama ta je da kanta ta duba, ta sa hannu ta ɗebo." Ta rage murya. "Matar ɗaki na tara ta ce wai kin ga wani abu a ciki. Wai mamanki a Kano ta ce kada ki sha, an sa miki magani don kada ki haihu. Jiya mata biyu sun maido da ƙulli nasu."

Na zauna a bakin gado. A gidanmu ma na san wannan. In maƙwabciya ta aiko da abinci aka karɓa da fara'a, aka zagaya aka zubar, ma'anarsa ɗaya ce, ana zarginta da sammu. Kakata ta yi shekara goma ba ta magana da wata mata saboda kwanon dambu. Na san wannan sarai. Kawai dai lokacin da nake jan layi a littafina ban tuna ba.

Na ce, "Wallahi gwaji nake yi."

Monica ta ce, "Gwajin me? Ke dai je ki faɗa mata. Ni ban gane ba, ƙila ita za ta gane."

Yini na yi ina juya littafin a hannu. Kaina na sarawa, na yi kuka sau uku, kuma ban san wane kukan ne na wata, wanne ne na abin da na yi ba. Da la'asar na sa hijabi na fita da littafin.

Na tarar ta riga ni shiri. Ta shimfiɗa tabarma a bakin lungu, ta kunna risho, ta ɗora tukunya. Matan gidan huɗu na tsaye, har da ta ɗaki na tara da goyonta, da wata mai sayen kaya da ta ƙi tafiya. Monica ma ta dawo da wuri.

Maman Shamsu ta ce, "Yawwa, ga ta nan. Matso, Malama. Ki buɗe ido da kyau."

Ta kwance ƙulli na farko. "Wannan citta ce." Ta gutsura ta tauna, ta jefa saura a tukunya. "Wannan kanumfari. Wannan hulba, wadda kaji suka ƙoshi da ita. Wannan kimba. Wannan ganyen na'ana'a. Wannan sassaƙen, daga garinmu ake kawo min shi, uwata ta sha, na sha, matar Shamsu ta sha, 'ya'yanta huɗu." Kowanne sai ta ɗanɗana kafin ta zuba. Abin da na roƙe ta ta faɗa min tun ranar farko ta ƙi, ga shi tana lissafa shi a gaban kowa, har da wadda za ta iya zuwa kasuwa gobe ta haɗa nata. Da ya tafasa ta zuba a kofin silba, ta shanye da zafinsa, idonta ya kawo ruwa.

"To. Wanne ne a ciki zai hana ki haihuwa?"

Na ce, "Mama, don Allah ki yi haƙuri. Ban taɓa zarginki ba. Ko a mafarki."

"To don mi?"

Na buɗe littafin. Na yi bayani yadda na iya. Na nuna mata wata biyun farko da ban sha komai ba, da wata biyun da na sha. Na ce na ji sauƙi sosai, amma ban san ko shayin ne ko zaman da nake yi a wurinta ba, shi ya sa na so in raba su in gani. Na ce haka ake yi wa kowane magani, har na asibiti.

Ta karɓi littafin ta juya shi. Ba ta karatun boko, amma ta ga layukan da lambobin.

"Wato duk zaman da muke yi, in kin koma sai ki rubuta a kaye, a wannan littahin?"

"Ba maganarki nake rubutawa ba. Jikina nake rubutawa."

Ta ɗaki na tara ta ce, "Oho, ashe bincike aka turo ta."

Monica ta ce, "Ke rufe baki, wa zai turo wannan? Ko mai burodi tsoro take ji."

Wata ta yi dariya. Fuskar Maman Shamsu ma ta ɗan saki. Ta miƙo min littafin.

"Da kin ce min ba ki sha, ai da ban ɓata kananzirina ba. Kwana shida ina tashi ina dahuwa." Ta goge bakin kofin da gefen zane. "Shi ke nan, na ji. Ba sammu ba ne, karatu ne. To ga mutane nan, kin yi binciken naki. Ki faɗa musu. Maganina yana aiki ko ba ya aiki?"

Kowa ya juyo. Na ga abin da take miƙo min. Kalma biyu ce, yana aiki, daga bakin mai digiri, a gaban waɗanda suka ji jita-jitar. Matan da suka maido ƙulli za su dawo. Gobe da la'asar zan sami wurin zama. Kuma ba ƙarya ce tsagwaronta ba, ai makin ya sauka. Amma a kwana shidan da na zubar ma makin bai hau ba. Yana nan a shafin da yatsana ke kai.

Na ce, "Ba ya cutarwa, ni dai bai cuce ni ba. Kuma na ji daɗin..."

"Ba shi na tambaye ki ba."

Jirgi ya taho. Muka tsaya duka muna jira, ƙasa na girgiza, murfin tukunyar na kaɗawa. Ya daɗe bai gama wucewa ba. Na yi ta fatan kafin ya wuce in zama irin matar da za ta iya faɗa.

Na ce, "Ban sani ba, Mama. Ban gama ba."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta yi fushi ba, da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta kashe rishon, ta tattara ragowar kayan, ta ƙulle su a leda ɗaya ta ɗora min a kan littafin.

"Ga shi, ki je ki gama. Kin ga abin da ke ciki, ki dafa da hannunki, ki sha ko ki ba kaji." Ta juya wurin mai sayen kayan. "Mi kika ce kina so, kimba ko masoro?"

Matan suka watse. Monica ta taɓa hannuna ta wuce ɗakinta.

Jinin ya zo washegari, kaina ya washe kamar kullum, sai na ga abin da na yi tas, ba hazo. Maganar sammun ta mutu a cikin sati. Mutane sun ga ta sha a gabansu, kuma labarin amaryar da ke ba kukanta maki ya fi daɗin bayarwa. Masu saye suka dawo. Ina gaishe ta safe da yamma, tana amsawa cikakkiyar amsa, har ta tambayi lafiyar mijina. Sau ɗaya na kai mata tuwon shinkafa da miyar taushe. Ta karɓa ta yi godiya, ta cinye a ƙofar gida inda zan gani, ta wanke kwanon ta aiko Monica da shi.

Mahbub ya kira daga Maigatari, shanu na kuka a bayansa, ya ce mota ta lalace, sai wani satin. Ya tambaya ko akwai labari. Na ce babu, ana ta ruwa dai. Ya ce in gaishe da tsohuwar nan tawa mai shayi. Na ce za ta ji.